Baba Sammani, Mai Duba Kashin Ƙarfe

Ranar Talata da ranar Asabar, da an sallame asuba a masallacin layinmu, Baba Sammani ba ya zama lazimi da sauran dattawa. A hanya yake jan nasa carbin. Yakan leƙa gida ya kurɓi koko, ya rataya wata tsohuwar jakar fata mai ɗauke da baƙin tabarau da safar hannu, ya gangara Mokola ya shiga tasi zuwa Ojoo, daga can ya hau okada zuwa wata masana'antar zubin ƙarfe da ke bayan gari. Sauran ranaku ma yana zuwa, amma shiri ne kawai da gyare-gyare. A ranakun nan biyu ake kunna wuta. Kafin ya gaisa da kowa sai ya tsuguna bayan tanderu, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannunsa cikin yashin wani rami har wuyan hannu. In ya ji shi a bushe, sannan ya miƙe ya ce wa mutane ina kwana. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ina da dalilin sanin ranakun wutar nan. Maigidana yana cikin mutum goma sha ɗayan da ke aiki gaban tanderun. Rubutu ya tilasta mini in ambaci sunansa, iyayena mata su yi mini afuwa: Jafaru. Shekararsa tara yana ɗaukar ludayi a can. Kada ku ji ludayi ku zaci na miya. Wani ƙaton bokiti ne na ƙarfe da aka yaɓe cikinsa da yumɓu, mutum biyu ke ɗauka, cike da narkakken ƙarfe, su bi layin mazuban yashi suna tsiyayawa. Farantan injin markaɗe suke zubawa, da murfin kwalbati. Duk wandon aikin da na wanke masa sai na ƙirga sababbin huji a jiki. Da haka na fara tsoro, kuma har yau ban daina ba. A ranakun wuta wayata ba ta barin hannuna, kuma in ta yi ƙara kafin la'asar sai gabana ya faɗi.

Baba Sammani ba shi ne mai wurin ba, ba kuma injiniya ba ne. A nan unguwarmu Sabo aka haife shi, gidan maƙera, allo ya yi, ya taɓa firamare kaɗan. Aikinsa shi ne duba kashin ƙarfe, wato dattin da ke fita ta bayan tanderu lokacin da ƙarfe ke narkewa. Samarin unguwa har tsokanarsa suke da sunan, shi kuwa ya yi dariya ya wuce. Ni ma da farko na raina aikin. Ina ganin ga masu ɗaukar wuta da hannunsu, ga kuma wani dattijo da aka ba shi gadin shara.

Wata rana na shiga gidansu kai wa matarsa Inna Barakatu ɗinkinta, na tarar da shi a tsakar gida yana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa na yi ƙarfin hali na tambaye shi, wai shi kashin nan daga ina yake fitowa, tunda ƙarfe aka zuba.

Ya ce, "'Yata, ba kya dafa nama ki ga kumfa ta taso? Ƙarfen da 'yan gwangwan ke kawo mana ba shi kaɗai yake zuwa ba. Da tsatsarsa yake zuwa, da ƙasar bolar da aka tono shi. Gawayin kwal in ya ci wuta ya bar toka. Bulon da aka jera cikin tanderun shi ma wuta na gatsarsa kaɗan-kaɗan. Duk tarkacen nan dole ya fita, in ba haka ba ya bi ƙarfe cikin zubi, wata rana faranti ya tarwatse a injin wata baiwar Allah. To su kaɗai ba sa narkewa da daɗi, curewa suke. Shi ya sa muke zuba farin dutse, irin wanda ake siminti da shi. Shi ke haɗa kansu ya tsinka su. Ba su kai ƙarfe nauyi ba, sai su taso su kwanta a kansa. Ƙarfe ya fita ta gaba, su kuma in buɗe musu ta baya."

Na ce, "To Baba, abin da za a zubar, me ya sa sai an ajiye babban mutum kamarka ya tsare shi?"

Ya hure ɓawon gyaɗar da ke tafinsa ya ce, "In wuta ta kama, ba mahalukin da ke iya shiga ya ga abin da ke faruwa a ciki. Shi kaɗai ke fitowa daga can ya ba da labari."

Yadda yake jin labarin kuwa, maigidana ya sha kwatanta mini. Yana da wata doguwar sandar ƙarfe. In ya buɗe ƙofar baya kashin ya fara malala cikin ramin yashin nan, sai ya tsoma bakin sandar ya ɗago, ya ga yadda yake zare. Ya bar shi ya huce, ya fasa da guduma, ya ɗaga gutsuren sama ya duba. In ya yi kore-kore mai sheƙi kamar fasasshiyar kwalba, lafiya lau. In ya yi baƙi wuluk, ga nauyi a hannu, to ƙarfen ne kansa ke ƙonewa, iskar da ake hura wa wutar ta yi yawa ko gawayi ya yi kaɗan. In kuwa ya ƙi gudu, yana tafiya da ƙyar kamar talge ya yi kauri, farin dutse ya gaza, kuma in aka bar shi zai toshe ƙofofin iska. Ba ya rubuta komai. Ya duba, ya ɗaga murya ya ce a ƙara kaza ko a rage kaza, masu lodin kaya a saman tanderu su yi.

Shekara huɗu da suka wuce, ana saura kwana goma azumi, aiki ya yi yawa, kowane mai injin markaɗe na son sabon faranti. Mai masana'antar, wani Bayarabe da ake kira Oga Rasaki, mutum ne mai kirki amma akwai gaggawa. Makonni biyu kafin nan ƙarfen da aka samu duk tsatsa ne da laka, don haka aka ninka farin dutse, kuma daidai ne. Sai wannan ƙarfen ya ƙare, aka kawo tsofaffin injinan mota tas da su, ba datti. Masu lodi kuwa hannunsu ya saba da ma'aunin jiya, suka ci gaba da ninkawa. Ranar Baba ya tsaya gyaran wani mazubi, bai ga lodin farko ba.

Da ya buɗe baya, kashin ya fito tsararo kamar ruwa, ga yawa fiye da yadda ya kamata. Ya fasa gutsure, ya ga fari-fari, ba sheƙi, yana marmashewa. Maigidana ya ce bai taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya jefar da guduma ya yi ihu da Yarabanci, "E duro! Ku tsaya! Ku kashe iska!"

Oga Rasaki ya fito daga ofis a guje. "Baba, ejo, don Allah, which kind kashe iska? Ƙarfe cike da tanderu fa! Customer dey wait!"

Baba ya ce, "Oga, dutsen nan ya rasa dattin da zai ci, bango yake ci. Duk abin da kake gani yana malala, bulonka ne."

"Ka bari mu gama wannan zubin kawai, Baba, awa ɗaya."

"Ba ni da awa ɗaya. Ni tsoro nake ji."

Bai jira izini ba, da hannunsa ya kashe injin iska. Ya sa aka tsiyaye ƙarfen da ya narke cikin yashi, aikin wuni guda ya tafi a banza. Oga Rasaki ya yi faɗa da harshe uku, har ya ce kada Baba ya dawo. Baba ya dawo washegari abinsa. Da tanderu ya huce aka leƙa da tocila, bulon da kaurinsa ya fi taƙi guda ya koma bai fi yatsu biyu ba, kuma ta ɓangaren da masu ludayi ke jeruwa. Da wutar ta ƙara minti ashirin, da narkakken ƙarfe ya huda bango ya fito musu a ƙirji. Waɗanda ke wurin sun ce Oga Rasaki zaman dirshan ya yi a ƙasa, ya ɗora hannu a ka, ba abin da yake maimaitawa sai godiya ga Allah. Maigidana shi ne na biyu a layin ranar.

Kai ne, Baba, ka tsaya gaban mai gidanka da ma'aikata goma sha ɗaya ka ce tsoro kake ji, a wurin da kowane namiji ke nuna shi wuta ba ta dame shi ba. Na san maza da yawa a Sabon nan da za su gwammace bango ya fashe da su furta kalmar nan. Da kai ma irinsu ne, da yau 'yata Mubina marainiya ce.

Wani zai zaci labarin nan ya kwantar mini da hankali. Ina! Ƙara tayar da shi ya yi. Na sa wa maigidana fitina a kan ya bar aikin. Yayansa na da rumfar albasa a kasuwar Bodija, ya sha kiransa. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi har na kwana biyu ba na yi masa magana sai gaisuwa. Shi kuwa ya ce ya iya aikin nan, yana son sa, kuma albasa ba ta san shi ba. Da na ga ba zan ciwo kansa ba, sai na nemi wata hanyar. A nan ne zan tona wa kaina asiri, domin ba zan yi wa Baba jinjina in ɓoye babban abin da ya yi mini ba.

Na aika wa wani malami a unguwarmu ya yi mana tofi na tsari daga wuta. Ya aiko da ruwan a ƙaramar kwalba, da saƙo a fili: a sha, a shafa a jiki. Malam bai ce komai bayan wannan ba, kada wani ya ɗora masa. Ni ce da wayona na ga cewa ai ba jikin ne ke ƙona mutum ba, wurin ne. Na juye kwalbar cikin jarka, na cika ta da ruwa, don a tunanina yawa shi ne ƙarfi. Na ba maigidana na ce ya yayyafa duk inda wuta ke bi. Ya ce, "Saudat, Baba ya hana ruwa kusa da tanderu." Na ce wannan ai ba ruwa ba ne kamar sauran ruwa, ayoyin Allah ne a ciki, ko yana shakka ne? Na ce in dai ba zai bar aikin ba, to ya yi mini wannan kaɗai in samu barci. Mutum ne mai son zaman lafiya, ya gaji da hawayena, ya karɓa.

Ranar wata Asabar ce. Ya jira aka tafi sallar azahar, wuta na ci, ƙarfe na taruwa, ya zagaya ya yayyafa a ɓoye. Zafin wurin ya busar da saman yashin nan da nan, ido ba zai ga komai ba. Da aka dawo saura kaɗan a buɗe, Baba ya sake tsugunawa ya cusa hannu a ramin, duk da ya duba da safe, duk da rabon garin da ruwan sama ya fi wata biyu. Ya daɗe bai ɗago ba. Sai ya damƙo yashin daga ƙasa ya matse, ya buɗe hannu. Yashin ya dunƙule.

Ya ce, "Wa ya zuba ruwa a nan?"

Ga tanderu ya cika, kashi na hawa yana neman ƙofofin iska, ba a iya jira ya wuce minti goma sha biyar. Baba ya sa aka rage iska, ya ce kowa ya ɗau shebur. Suna kwashe jiƙaƙƙen yashi suna kawo busasshe a guje, maigidana ya matso kusa da shi ya ce shi ne.

Baba bai ko dube shi ba. "Ina kuma?"

"Ƙarƙashin tanderu, inda ake sakin gindinsa ragowar wuta ta zube in an gama."

"Ina kuma?"

"Cikin ludayina, Baba. Kaɗan."

Ludayin nan ni na jaddada masa shi, na ce nan ya fi muhimmanci tunda shi ne a hannunsa. An riga an gasa shi da safe, yana jiran ƙarfe, yumɓun ciki ya shanye ruwan. Baba ya sa ƙafa ya ture shi gefe, ya ce a kawo wani. Sun buɗe ƙofar baya kashi na dab da shiga ƙofofin iska. Aka yi zubi lafiya, ba wanda ya ji ciwo. Oga Rasaki ya rantse sai ya kori wanda ya yi, ko wane ne. Baba ya ce masa, "Na san shi, ba mugunta ba ce, kuma ba zai sake ba. Ka bar mini." Bai faɗi suna ba, bai kuma yi ƙarya ba.

Maigidana ya dawo gida da yamma ya zauna bakin gado yana kallon hannayensa. Washegari Inna Barakatu ta shigo ta ce Baba ya ce in shirya, Asabar mai zuwa tare za mu je, ya riga ya nemi izinin maigidana. Na zaci zagi za a tara mini. Kwana shida ina ƙirga ranakun.

Ban taɓa ganin wurin ba sai ranar. Tanderun ya fi soron bene tsayi, yana gurnani, zafinsa na dukan fuska tun daga ƙofar shiga. Na hango maigidana cikin hayaƙi riƙe da hannun ludayi, abin da ke ciki ya fi ƙarfin ido. Baba ya tsayar da mu nesa, bayan wani tulin bulo. Ya ɗebo kashi a wani ɗan cokali mai dogon hannu, bai fi cikin kofin shayi ba, ya zuba kan busasshen yashi. Ya kwanta lumui, ja, yana yin duhu a hankali. Sannan ya tsiyaya ruwa kofi guda a wani gefen, ya rufe da yashi, ya kori kowa baya, ya sake ɗebowa, ya juya fuskarsa, ya zuba.

Ƙarar da na ji kamar an harba bindiga a kunnena. Gutsattsarin wuta suka tashi har suna buga kwanon rufi. Sai ga ni a ƙasa, Inna Barakatu na riƙe da ni. Kofi guda ke nan. Ni jarka na bayar.

Baba ya zo ya tsuguna ɗan nesa da ni, ya cire tabarau. Ya ce, "Pele, sannu 'yata. Ba don in kunyata ki na kira ki ba. Ruwa in wuta ta rufe shi ba shi da hanyar fita, sai ya zama tururi ya yi jifa da duk abin da ke kansa. Kowane irin ruwa ne. Addu'a ba ta da laifi, ni ma ba na shigowa nan sai na yi tawa. Ki ba shi ya sha, ya shafa tun a gida, ya bushe kafin ya iso. Amma ƙasar nan a bushe nake son ta."

Ina kuka na ce, "Baba, tsoro ne ya sa ni."

Ya ce, "Na sani. Ni ma shi ya sa nake sa hannu a yashi sau biyu."

Kai ne ka rufa mini asiri shekara biyu, ko matarka ba ta ji daga bakinka ba sai da ta gani. Da ka ga dama da labarin ya zaga Sabo kafin magariba, a riƙa nuna ni ana cewa ga wadda ta so ta tashi mijinta da ruwan tofi. Yau ni na faɗa da kaina, don na san ba ni kaɗai ce matar da tsoro ke sa wa dabara ba.

Yanzu ga dalilin ajiye aikin. Tun wajen wata takwas da suka wuce Baba ya ɗauki wata sabuwar al'ada. In ya fasa gutsuren kashi, sai ya kira maigidana daga layin ludayi, ya miƙa masa ya ce, "Jafaru, me ka gani?" Shi kuwa ya duba ya faɗa, Baba ya auna gutsuren a tafinsa, ya murza da yatsa, ya gyaɗa kai, sannan ya ba da umarni. Kowa ya ɗauka koyarwa ce, har abokan aiki na tsokanar maigidana wai ya shiga makarantar kashi. Makonni uku da suka wuce, bayan an gama zubi, Baba ya tara su duka har da Oga Rasaki. Ya ce yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ce kore da baƙi sun fara zama abu ɗaya a wurinsa. Likita ya ce za a yi aiki, amma ko an yi, kallon wuta ya ƙare masa. Ba wanda ya lura, ko mutum ɗaya. Da ya so, da ya ƙara shekara biyu yana laluben abin da hannu, ga 'ya'ya mata biyu har yanzu suna makaranta. Oga Rasaki ya roƙe shi ya zauna ko a kujera ne. Ya ce a'a, in yana wurin kowa zai saki jiki ya ce ai Baba na gani, alhali ba ya gani.

Maigidana ne ya ba ni labari. Na tuna duk Talatar da na ɗan samu natsuwa ina cewa ai Baba na nan. Kuma na san abin da zai biyo baya tun kafin a faɗa.

Bayan kwana biyu suka zo gidanmu da la'asar, shi da Inna Barakatu. Dattijo kamar wannan, sa'an mahaifina, ya zauna kan tabarma a ƙofar ɗakina. Ya ce, "Roƙo na zo yi, 'yata. Jafaru nake so in ba sandar. Na san kina son ya koma Bodija. In kika matsa yanzu zai tafi, don tun ranar jarkar nan bai yafe wa kansa ba. Amma in ya tafi, mutum goma za su jeru gaban tanderun da ba mai jin labarinsa. Su ma da matansu."

Na ce, "Baba, mai ludayi ko ba komai in ya zuba ya matsa. Mai sanda fa yana manne da tanderun tun kunnawa har kashewa."

Ya ce, "Haka ne. Ba zan ce miki babu haɗari ba."

Raina na cewa in ce a'a, in ɗauke mijina mu tsira, sauran kowa ya ji da nasa. Wallahi na so in faɗa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ya iya aikin?"

Baba ya ce, "Wata takwas da idonsa nake gani."

Na amince. Ban amince don tsoron ya tafi ba, ƙaruwa ma ya yi.

Baba Sammani, ɗan maƙeran Sabo, mai hannu cikin yashi, na gode. Na gode da ran maigidana da Allah ya tsare ta hannunka sau biyu, sau ɗaya daga gaggawar wasu, sau ɗaya daga wautata. Na gode a madadin matan da ba su san ka ba, waɗanda ke tsaye gaban injin markaɗe da goyo a baya farantin bai taɓa tarwatse musu ba. Shekara talatin da huɗu ba a fitar da gawa daga masana'antar nan ba, kuma ba wanda zai ba ka lambar yabo saboda abin da bai faru ba. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka ga auren 'ya'yanka, ya tsare ka daga wutar da ta fi wannan.

Ku kuma da ke riƙe da rayukan mutane a wurin aikinku, direba ne, mai haɗa waya ne, mai sayar da iskar gas ne, ku yi koyi da dattijon nan. In kun ji tsoro ku faɗa da ƙarfi tun da sauran lokaci. In idonku ko hannunku ya fara gazawa, ku faɗa da bakinku kafin wani ya biya da jikinsa, kuma kada ku tafi sai kun bar wanda ya iya.

Da za su tafi ranar nan, Baba ya yi gaba, na rako Inna Barakatu zuwa zaure. Na riƙe mata mayafi na ce, "Inna, ke da kika yi shekara talatin da huɗu, yaushe abin ke daina damun mutum?"

Ta dube ni, idonta ya cika da ƙwalla. Ta ce, "Nawa dai ƙarshen watan nan zai ƙare. Zubin farko da za a yi babu shi, ki bar ƙofarki a buɗe, zan zo in zauna da ke."